Lantarkin da ke Gudana a Jikin Tsirrai

A dausayin da ke kewaye da birnin Wilmington, a jihar Carolina ta Arewa a Amurka, akwai wani ɗan tsiro da bai wuce tafin hannu ba, wanda ke cin ƙwari. Masana suna kiransa Dionaea muscipula. Ganyensa tarko ne mai ɓari biyu, kuma a cikin kowane ɓari akwai 'yan gasu masu tsini, galibi guda uku. Idan ƙuda ya sauka ya gogi gashi ɗaya, tsiron ko gezau. Amma da zarar ya sake taɓawa kafin daƙiƙa kamar 30 su wuce, sai tarkon ya datse, cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ɗigon ruwan sama ko ƙaiƙayin da iska ta kwaso ba safai suke taɓa gashin sau biyu a jere ba, don haka tsiron ba ya ɓarnatar da ƙarfinsa a banza.

Ga shi ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya irin ta dabba ko ɗaya. To da me yake sanin an taɓa shi? Wannan tambaya ta dami Charles Darwin, har ya nemi wani likita a Landan, John Burdon-Sanderson, ya duba masa. A 1873 likitan ya haɗa ganyen da na'urar auna lantarki, ya taɓa gashin, sai ya ga allura ta motsa kamar yadda takan yi idan an tsokani jijiyar dabba. A farkon ƙarni na 20, Jagadish Chandra Bose na birnin Kalkata a Indiya ya auna irin wannan bugu a jikin Mimosa pudica, ciyawar nan da ke naɗe ganyenta idan an taɓa ta. Da yawa daga masanan Turai na lokacin ba su ɗauki maganarsa da nauyi ba.

Wanda ya buɗe hanyar gano bakin zaren shi ne abin da ba a kallo sau biyu, wato gansakuka. Matsalar masu bincike ita ce ƙwayoyin halittar ganye ƙanana ne ƙwarai, ba a iya cusa musu komai ba tare da sun fashe ba. Amma a gindin tafkuna akwai wasu nau'o'in gansakuka masu rassa, Chara da Nitella, waɗanda ƙwayar halittarsu guda ɗaya kan kai tsawon yatsa, kaurinta kuwa kamar zare. Ana ganinta da ido, ana ɗaga ta da hantsaki. Tun 1774 wani malamin coci ɗan Italiya, Bonaventura Corti, ya leƙa Chara a madubin ƙara girma, ya ga ruwan cikin ƙwayar yana zagayawa ba tsayawa. A 1930 Karl Umrath na ƙasar Ostiriya ya soka siririn bututun gilashi a cikin ƙwayar Nitella, ya auna bugun lantarki daga ciki. Sai bayan shekara 9 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi haka a jijiyar wata dabbar teku a Ingila, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1963. Su aka sani, Umrath da gansakukarsa kuwa sai masu tonon tsofaffin takardu.

Abin da aka gano shi ne kowace ƙwayar halitta ƙaramin batir ce. Tana lulluɓe da wani tantani, a jikin tantanin akwai famfo da ke tura sinadarin haidurojin mai caji zuwa waje ba dare ba rana. Wannan ne ke sa cajin ciki ya bambanta da na waje, bambancin da kan kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin tocila, wani lokaci ya ɗara. A jikin tantanin kuma akwai ƙananan ƙofofi na furotin, kowace da irin gishirin da take bari ya wuce. Yadda mai noman rani ke toshe bakin kwami da laka, ya buɗe lokacin da yake so ruwa ya shiga, haka ƙwayar ke yi da waɗannan ƙofofi. Idan aka taɓa ta, ƙofar kalsiyam ce ke fara buɗewa. Shigar kalsiyam ke buɗe ƙofofin kuloraid, shi kuma ya kwararo waje, cajin ya rushe, rushewar ta buɗe ƙofofin da ke gaba, haka saƙon ke tafiya. Daga baya fotasiyam, wanda manoma suka sani da harafin K a buhun takin NPK, ya fita don a maido da caji yadda yake.

Jijiyar mutum da sodiyam take fara nata bugun, wato gishirin da ya cika teku da jininmu. Tsirrai ba su bi wannan hanya ba, kuma dalilin da ake bayarwa shi ne ruwan tafki da ƙasar noma ba su da sodiyam mai yawa, in ya yi yawa ma guba ne gare su. Akwai kuma bambancin sauri. Saƙo a jijiyar mutum kan yi gudun mita 100 a daƙiƙa, na Chara kuwa santimita ɗaya ko biyu. Amma yana da ban sha'awa a madubi: da bugun ya wuce, zagayen ruwan nan da Corti ya gani sai ya tsaya cak, sai bayan 'yan mintoci ya ci gaba a hankali.

Su kansu ƙofofin ba a kama su ɗaya-ɗaya ba sai da Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka fito da dabarar manna bakin bututun gilashi a kan ɗan yankin tantani a 1976. A 1984 Julian Schroeder da Rainer Hedrich da abokin aikinsu suka yi amfani da ita a ganyen wani nau'in wake, suka auna ƙofar fotasiyam tana buɗewa tana rufewa. Hedrich ɗin ne, da tawagarsa a Würzburg, suka nuna a 2016 cewa ƙirgar tarkon ƙwari ba ta tsaya a biyu ba. Ƙwaron da aka kama yana ta mutsu-mutsu yana bugun gasun, a bugu kamar na biyar sai tsiron ya shiga haɗa ruwan narkar da nama gadan-gadan. A 2020 masu bincike a Okazaki ta Japan suka sa wa tsiron furotin mai haske idan ya haɗu da kalsiyam. Taɓawar farko ta ɗaga kalsiyam, ya soma sauka a hankali. Idan ta biyu ta zo kafin ya gama sauka, jimillar ta tsallake iyaka, tarko ya rufe. Ƙirgar ke nan, ba wani tsafi.

Kada a ɗauka sai tsirrai masu abin al'ajabi ke da wannan. A 2013 tawagar Edward Farmer a Lausanne ta Suwizalan ta ɗora tsutsar auduga a kan ganyen Arabidopsis, wata 'yar ciyawa da ake gwaji da ita, ta ga saƙon lantarki ya tashi daga ganyen da ake ci zuwa wasu ganyaye, su kuma suka fara haɗa sinadaran kare kai. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy a Wisconsin suka ɗauki hoton bidiyon abin: hasken kalsiyam yana bin jijiyoyin ganye da gudun kusan milimita ɗaya a daƙiƙa. Abin da ke tayar da shi gulutamet ne da ke tsiyayowa daga rauni, sinadarin da ke cikin farin magi, wanda kuma ƙwaƙwalwar mutum ke aika saƙo da shi.

Inda abin ya fi shafar manomi shi ne ƙananan hudojin ganye da tsiro ke shaƙar iska ta cikinsu, ruwa kuma ke fita. Kowace huda ƙwayoyi biyu ke tsaronta. Idan ƙasa ta bushe, wani sinadari ya iso musu, ƙofofin gishiri su buɗe, fotasiyam da kuloraid su fice, ruwa ya bi su, ƙwayoyin su saki, hudar ta rufe. Da wannan gero da dawa ke tattalin ruwa idan damina ta yi tsaiko, shi ya sa masu neman iri mai jure fari ke sa ido a kan waɗannan ƙofofi.

Irin waɗannan sakamako sun sa wasu sun fara cewa tsirrai na da hankali, har suna jin zafi. A 2007 masana 36 suka rattaba hannu a wata wasiƙa suna cewa an wuce gona da iri, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi. Aika saƙo daban, jin raɗaɗi daban, kuma ba wanda ya nuna na biyun a jikin ganye.

Gansakuka dai ta sake yin rana. Chlamydomonas, wata irin gansakuka, ƙwaya ɗaya ce tal mai wutsiya biyu, tana iyo zuwa wajen haske. A 2002 da 2003 Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg suka nuna cewa a ɗan jan ɗigon da take gani da shi akwai ƙofar gishiri da haske ke buɗewa kai tsaye. A 2005 Edward Boyden da Karl Deisseroth da abokansu a jami'ar Stanford suka dasa ta a ƙwayoyin jijiya, suka riƙa kunna su da shuɗin haske. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 da ciwon gado ya makantar, wanda aka sa wa irin wannan ƙofa a ido ɗaya a birnin Paris. Da wani tabarau na musamman mai harba haske cikin idon, bayan watanni na horo, ya iya gane fararen layukan tsallaka titi, ya ƙirga kofuna a kan tebur. Ba ya gane fuska, ba ya karatu, kuma da ya cire tabarau ganin ke ɗaukewa.