KANTIN NA LAKWAL: DAGA MANGAZAR GWAMNATI ZUWA TUKUNYAR YARA

A ƙasar Nijar ana komawa lakwal a farkon watan Oktoba, daidai lokacin da manoma suke yankan hatsi suna ɗaura dammuna. Yaron da ke zaune cikin Maraɗi ko Damagaram, in an tashi da tsakar rana, sai ya ruga gida ya sha fura. Amma akwai waɗansu yara, a gundumomin Tanut, Dakwaro, Abalak, Cintabaraden da Ngigmi, waɗanda tsakanin lakwal ɗinsu da rugar iyayensu tafiyar yini guda ce bisa raƙumi, wani lokaci ma ba a san inda rugar ta sauka ba, domin ta bi ciyawa. Irin waɗannan yara, tun daga ranar da aka rubuta sunansu, cinsu da shansu sun koma wuyan hukuma. In tukunya ta yi kwana uku ba a ɗora ta ba, labari zai kai wa uba a bakin rijiya, ya zo ya ɗauki ɗansa ya mai da shi kiwo, kuma da wuya a sake ganinsa cikin aji. Wannan shi ne nauyin da ke bisa abin da ake kira kantin, watau wurin ciyar da yara da kuɗin gwamnati da na masu taimaka mata.

Al'amarin ya samo asali tun zamanin mulkin Faransa, sa'ad da aka buɗe makarantun makiyaya a arewacin ƙasa. A lokacin iyaye ba su yarda da boko ba, har waɗansu manya sukan ɓoye ƴaƴansu su aika da ƴaƴan barorinsu. Ba yadda za a riƙe yaro nesa da gidansu sai da abinci, saboda haka makarantar makiyaya tun farko da tukunyarta aka kafa ta. Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnatin Nijar ta gaji wannan nauyi. A 1970 aka kafa ofishin cimaka na ƙasa, OPVN, domin sayen hatsi da ajiye shi, kuma tun farkon shekarun 1970 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da PAM, ta shiga taimakon kantin.

Farin 1973 da 1974 shi ya nuna wa kowa cewa rabon abinci ba ƙaramin aiki ba ne. Dubban makiyaya da dabbobinsu suka ƙare sun taru a sansanin Lazare, bakin birnin Yamai, ana ciyar da su. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, a ƙarƙashin Laftanan-Kanar Seyni Kountché, ɗaya daga cikin manyan dalilan da suka bayar shi ne yadda aka tafiyar da taimakon cimaka alhali talakawa suna cikin yunwa. Tun daga wannan lokaci, buhun taimako da ya ɓace tsakanin mangaza da mai shi ya zama magana mai nauyi a ƙasar nan.

LISSAFIN TIYA

Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, yaran makarantun ƙauyukan manoma sukan ci sau biyu a yini, koko da safe da abincin rana, na makarantun makiyaya kuwa sau uku, tun da can suke kwana. Kayan ba su da yawa: hatsi ko shinkafa, wake, mai, gishiri mai sinadarin aidin, da garin koko da aka ƙara wa abubuwan gina jiki.

To, a ɗauki misali, domin a ga girman abin. A ce lakwal tana da yara 200, kowanne an yanka masa garam 250 na hatsi a yini. Kilo 50 ke nan, watau tiya 20, rabin babban buhu kullum. In yaran za su yi kwana 240 a hannun lakwal, ana bukatar buhu 120, tan 12 ke nan. A sa garam 50 na wake bisa kowane kai, buhu 24 ya ƙaru. Wannan duk na lakwal guda ne.

Ga inda lissafin yake karyewa. Ana aika yawan yara zuwa ga magabata tun kafin a koma, bisa ƙidayar bara. Da an ji an sauke buhuna, sai iyayen da suka ƙi kawo ƴaƴansu su kawo, wanda kuwa abin so ne, don haka ma aka yi kantin. Amma in yara 40 suka ƙaru bisa 200, darektan lakwal yana tsakanin abu biyu. Ko ya rage awo, kowane yaro ya koma wajen garam 208, ko ya ci gaba da cika mudu, tan 12 ɗin nan su ƙare cikin kwana 200, a wayi gari saura kwana 40 ba ko ƙwaya, daidai lokacin jarrabawa, cikin tsananin bazara. Darektoci da yawa rage awon suke zaɓa, kuma da wuya a ga laifinsu. Gyaran yana wajen masu karɓar ƙidaya, da za su sake duba ta bayan wata guda da komawa, su cika giɓin a saukar kaya ta biyu.

Hanya ma tana da nata rabo. Abincin da ake kawowa daga ƙetare, shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya riƙa shigowa, kimanin kilomita 1,000 daga Yamai. Daga Yamai zuwa Damagaram akwai wajen kilomita 900, bayan nan kuma sai a bar kwalta a shiga rairayi, inda babbar mota ba ta wucewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, iyakar Benin ta rufe, motocin kayan taimako suka yi ta jira a bakin iyaka, har aka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, wadda ta fi tsawo da haɗari. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma shekarar karatu ta riga ta yi nisa.

Na cikin gida kuwa, lokacin fitar kuɗi shi ne kome. Hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'an nan ya riƙa hawa har damina. Kuɗin da baitulmali ya saki a Nuwamba da wanda ya saki a Afrilu, ko da adadinsu ɗaya ne, ba buhu ɗaya suke saya ba. In kuɗi suka makara, sai darekta ya je wurin ɗan kasuwa ya ɗauki bashi, shi kuwa ɗan kasuwa ya san zai jira, sai ya sa ladan jiransa cikin farashi.

MANGAZA DA MURHU

In buhuna suka iso, wani aikin ya fara. Ba a jibge su bisa ƙasa ko a jingina su da bango, sai bisa katako, domin raɓa da gara. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Wake ya fi kome saurin lalacewa, cikin wata biyu ko uku ƙwari sukan mai da shi gari. Da can magani ake zuba masa, abin da ba shi da kyau ga abincin yara. Tun daga 2007 aka soma yaɗa buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Batun mabuɗin mangaza kuwa, shi ne ya fi jawo tsegumi a ƙauye. Muddin yana aljihun mutum guda, ko da waliyyi ne, za a zarge shi. Saboda haka aka shigar da iyaye cikin aikin. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, an ƙarfafa su tun daga 2004 a jihar Tawa da taimakon ƙasar Japan, daga baya aka yaɗa su ko'ina cikin ƙasa. Inda kwamiti yake da rai, ana buɗe mangaza gaban wakilin iyaye, a auna na yini, a rubuta cikin littafi, mai dafuwa ta sa hannu ko ta dangwala. Inda kwamitin suna ne kawai, littafin yakan cika da rubutu mai kyau, buhunan kuma su bayyana a kasuwar mako.

Ba a cika maganar masu dafuwa ba, alhali kuwa su ne ke ɗauke da kantin. Tiya 20 na hatsi kullum, sai an surfa, an sheƙe, an wanke, an niƙa. In ba injin niƙa a garin, mata nawa za su yi wannan da turmi da taɓarya, kuma ƙarfe nawa za su tashi? Ga ruwa, wanda a arewa ake jawo shi da dabba daga rijiya mai gaba da yawa. Ga itace. A wurare da dama yara ake cewa kowa ya zo da ƙirare, sai a ga an kori yaro daga aji domin bai kawo ba, ko kuma ya share safiya cikin daji yana nema. Tun bayan babban taron Maraɗi na 1984 a kan kokowa da hamada aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da murhun laka mai rage cin itace, amma har yanzu akwai kantin da ke dafuwa bisa duwatsu uku cikin iska. Yawancin matan nan kuwa iyayen yara ne, aikin sa kai suke yi ko a sallame su da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da aikin gona ko suna ya riƙe su, ranar ba a ci da wuri.

A SAYA A GIDA

A 2009 ƙasar Barazil ta yi dokar da ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ƴan makaranta a kashe su wajen ƙananan manoma. Wannan dabara ta iso Nijar a 2012, inda aka gwada ta a jihar Maraɗi, ana sayen hatsi da wake daga ƙungiyoyin manoma ana kai wa makarantun da ke kusa. A Janairu 2016 Tarayyar Afirka ta tsai da 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da ƴan makaranta, kuma a Yamai aka yi bikin farko a wannan shekara.

Amfanin a fili yake: kuɗin mota ya ragu, manomi ya samu mai saye, yaro ya ci tuwon da bakinsa ya saba da shi. Sai dai manomi da kaka yana bukatar kuɗinsa a hannu, ba zai jira takarda ta zaga ofisoshi ba, in ɗan kasuwa ya zo da tsaba shi zai ba. Hatsin da aka sussuka bisa ƙasa kuma yakan zo da tsakuwa. Mafi wuya duka, shekarar da kantin ya fi amfani, watau shekarar fari, ita ce shekarar da manoman kewaye ba su da rarar sayarwa. Saboda haka sayen gida bai kawar da bukatar babban rumbun ƙasa ba.

Akwai kuma wata hanya, ta aika kuɗi maimakon buhu. Haka Amurka take yi wa gidajen renon yara tun daga 1968: mai gida ya ciyar, ya rubuta yawan kwanonin da ya bayar, hukuma ta biya shi bisa kowane kwano. A Nijar ma an ba waɗansu kwamitoci kuɗi su yi cefane da kansu. Yana tafiya inda akwai kasuwa kusa da mai iya riƙe lissafi. A rugar da kasuwa take tafiyar kwana biyu, buhu ya fi.

Ƙananan yara da ke kwance a gidan likita saboda tamowa, nasu tsarin daban ne, domin abincinsu magani ne. A 2005, bayan farin ɗango da ƙarancin ruwa na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Ana auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi, in bai kai milimita 115 ba ya shiga ja. Wanda ya galabaita sai a kwantar da shi a sashen da ake kira CRENI, a fara ba shi madara ta musamman kaɗan kaɗan, dare da rana, domin cikinsa ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba. Wanda yake iya ci, uwa takan karɓi tunkuzar gyaɗa mai madara da sukari, Plumpy'Nut, ta tafi da ita gida. Ƙunshi guda garam 92 ne, kuma tun 2005 ana yin ta a Yamai. A nan ma tsohuwar matsalar tiya tana nan: uwa mai ƴaƴa biyar da wuya ta ba ɗaya ta hana huɗu suna kallo, sai rabon mako ya ƙare cikin kwana uku, ranar awo a tarar yaro bai ƙaru ba. Ita kanta uwar da ke jinya a asibiti, in ba a ciyar da ita ba, takan goya ɗanta ta tafi tun bai warke ba.

Sauran babban giɓi guda. Ana rufe lakwal a ƙarshen Yuni, ba a komawa sai Oktoba, kuma waɗannan watanni su ne rumbuna suke wofi, hatsi yake tsada, zazzaɓin cizon sauro yake kama yara. Tukunyar kantin tana kife a lokacin da gida ya fi bukatar ta. A 2020, sa'ad da aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni saboda annobar korona, an raba wa iyaye ɗanyen abincin da ke cikin mangazu su kai gida, aka kuwa ga abin yana yiwuwa. A yi haka kowace damina, ga lakwal mai yara 200 bisa awon nan na garam 250, sai an ƙara buhu 45 domin kwana 90.