Giyar da Kanti Ke Sa wa Sunansa: Daga Ina Arahar Take Fitowa?

A rassan kantin Aldi da na Lidl a ƙasar Jamus akwai wani lungu da ba a ɓata lokaci wajen yi masa kwalliya. Gorunan roba ne masu ruwan ƙasa, kowace rabin lita, an naɗe su shida-shida cikin leda, an jibge a kan katakon da motar kaya ta sauke su da shi. Ba hoton ɗan ƙwallo, ba fitilar talla. Giya ce. Sunayen da ke jikinta, Karlskrone a Aldi, Perlenbacher a Lidl, suna kama da na tsofaffin gidajen dafa giya na karkarar Jamus, amma sunaye ne da kantunan suka mallaka, wasu kamfanoni dabam ne ke dafa musu. An shafe shekaru farashin gora ɗaya bai kai rabin yuro ba. Kuɗin ajiyar gorar kaɗai, santi 25 da ake mayar wa mutum idan ya dawo da ita fanko, yana neman kamo kuɗin abin da ke ciki.

Ga mafi yawan masu karanta wannan mujalla batun sha bai ma taso ba, domin Musulunci ya haramta giya, mai tsada da mai araha. Amma a Turai da Amurka gardama ce da ta ƙi ƙarewa: wannan giya ta tambarin kanti abin kirki ce da aka cire wa tsadar banza, ko kuwa araha ce da ba ta ado? Gardamar ta cancanci a saurare ta, saboda dabarar da ke bayanta ita ce dai ake yi da madara, da taliya, da sabulu, da batir. A giya ne kawai ta fi fitowa fili.

Tushen abin yana garin Essen. A can ne 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ƙaramin kantin mahaifiyarsu a 1946, lokacin da Jamus ke fita daga yaƙi kowa aljihunsa a bushe. A 1960 suka raba kasuwancin gida biyu, na arewa da na kudu, sunan Aldi kuma ya bayyana a 1962. Dabararsu ba ta da wuyar faɗa. Babban kanti na zamani yakan ajiye kaya iri 30,000 ko fiye, su kuwa sun tsaya a kan abin da bai wuce iri 2,000 ba, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na kayan suna ɗauke da sunayen da kantin ya ƙirƙira wa kansa. Wanda ke sayen giya iri uku kacal amma tirela-tirela, shi ke yanka farashi, masana'anta sai dai ta ce to.

Me zai sa masana'anta mai sunanta ta yarda ta dafa wa wani a ɓoye? Tukwanenta ne ba sa cika. A tsakiyar shekarun 1970 lissafi ya nuna kowane Bajamushe na shan kimanin lita 150 na giya a shekara. Yanzu adadin ya faɗo ƙasa da lita 90. Tankunan da aka gina don wancan zamani suna nan, ma'aikata na jiran albashi, kuɗin wuta bai fasa zuwa ba. Kwangilar kanti, ko da ribar kowace gora ba ta taka kara ta karya ba, ta fi barin inji a kashe. Duk wanda ya san injinan casar shinkafa na Kano ya san wannan harka: inji ɗaya ne, ɗan kasuwa ya kawo buhunansa masu ɗauke da sunansa a ɗura masa, gobe wani ya kawo nasa. Doka a Turai ba ta tilasta a rubuta wanda ya dafa ba, ya isa a ga sunan kamfanin da ke sayarwa da adireshinsa. Shi ya sa binciko wace masana'anta ce ke bayan wace gora ya zama abin nishaɗi ga wasu Jamusawa.

A Amurka ɓoyon ya taɓa kai wa ga kotu. A 2016 kantin Walmart ya fara sayar da giya da sunan Trouble Brewing, a gwangwanaye masu zane irin na ƙananan masu dafawa da hannu. A 2017 wani mai saye a jihar Ohio ya shigar da ƙara, yana cewa an yaudare shi, domin babbar masana'antar Genesee da ke Rochester a jihar New York ce ke dafa ta. Wasu kantunan ba sa ɓoye-ɓoye haka. An san cewa giyar Simpler Times ta kantin Trader Joe's daga masana'antar Minhas take fitowa, a garin Monroe na jihar Wisconsin. Trader Joe's ɗin ma na iyalan Theo Albrecht ne tun 1979.

Idan aka warware farashin gwangwanin giya mai suna, abin da ke ciki ba shi ne mafi tsada ba. Akwai haraji, akwai gwangwanin, akwai sufuri da ribar dillalai, sannan akwai talla, wadda ke cin maƙudan kuɗi. Heineken ta daɗe tana ɗaukar nauyin gasar Zakarun Turai, Budweiser kuma gasar cin Kofin Duniya, kuma mai saye ne ke biyan wannan a kowane gwangwani. Masana'antar Oettinger ta jihar Bavariya ta nuna abin da ke faruwa idan aka zubar da wannan nauyi. Ta ƙi yin talla, ta riƙa kai kaya kantuna da motocinta ba tare da dillali ba, ta sayar a kusan rabin farashin manyan sunaye. Mashaya suka yi ta yi mata ba'a, suna kiranta giyar marasa galihu. Duk da haka ta yi shekaru tana kan gaba a yawan ciniki a Jamus, wato da yawa daga masu ba'ar suna saye idan ba mai kallo.

Ta fuskar kayan haɗi kuwa, Jamus ta ɗaure hannun masu son rage tsada. Dokar tsabtar giya da aka shelanta a Ingolstadt a 1516 ta ce ruwa, da sha'ir, da wani fure mai ɗaci da ake kira hops kaɗai za a sa, daga baya aka ƙara yis. Dokar har farashi ta ƙayyade, abin da ke nuna cewa gardamar kuɗin giya ta girmi kantunan zamani da ƙarnoni. Har yau mai dafa giyar rabin yuro a Jamus da mai dafa ta yuro biyu ƙa'ida ɗaya suke bi. Inda mai araha ke matsewa shi ne ya rage yawan furen, ko ya yi amfani da ruwansa da aka tace a masana'anta, ya gajarta kwanakin da giyar ke yi a tanki, ya zuba ta a roba maimakon kwalba. Roba ba ta riƙe iskar da ke cikin abin sha kamar kwalba, don haka giyar ba ta jure dogon ajiya.

A wasu ƙasashen ana haɗawa da masara ko shinkafa, kuma wannan kaɗai ba shaidar rashin inganci ba ce, domin Budweiser da kanta da shinkafa ake yin ta. Najeriya ma ta ga irin wannan sauyi. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, masana'antu suka koma kan dawa da masara. Tun daga nan dawar Arewa ta samu babbar kasuwa a wurinsu, har da ta lemon malti marar barasa irin su Maltina, wanda ba a raba shi da bikin aure da suna.

To shin harshe yana gane bambancin? Amsar da aka fi ambata ta fito ne daga wani gwaji da Ralph Allison da Kenneth Uhl suka wallafa a 1964. Sun samo maza 326 masu shan giya a kai a kai, suka ba kowa kwalabe shida da aka cire wa takarda, suka ce a ɗanɗana a ba da maki. Akasarinsu ba su iya gane giyar da suka saba sha ba, makin da suka bayar kuma ya zo kusan ɗaya. Da aka dawo da kwalaben da takardunsu a manne, sai maki ya tashi, kowa ya ɗaga tasa sama. A 2008 masu bincike a Kalifoniya suka je gaba da haka. Sun ba mutane ruwan inabi mai barasa guda ɗaya sau biyu, suka ce musu na farko dala 10 ne, na biyu dala 90, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sashen da ke nuna jin daɗi ya fi motsi a kan wanda aka ce mai tsada ne. Mutanen ba ƙarya suke yi ba, da gaske sun ji ya fi daɗi, farashin ne ya shiga cikin ɗanɗanon.

Kada dai a ɗauka kowane gwangwanin kanti haka yake. A Birtaniya arahar ta yi wani salo dabam. Kantin Tesco ya fito da jerin kayansa mafi araha a 1993, cikin kwali mai ratsin fari da shuɗi, daga baya giya ta shiga jerin, haka ma a kantunan Asda da Sainsbury's. Ƙarfin barasarta a lokacin kashi 2 cikin ɗari ne, rabin na giyar da aka saba. Dalilin haraji ne. A Birtaniya gwargwadon ƙarfin barasa ake biya, kuma harajin ya ninka na Jamus fiye da sau goma, saboda haka hanya mafi sauƙi ta rage farashi ita ce a tsinka giyar. Mashaya suka riƙa cewa ruwa ne aka rina. Abin dariyar shi ne, da aka sauya tsarin haraji a watan Agustan 2023 aka yi rangwame ga abin da bai kai kashi 3.5 ba, manyan sunaye ma suka bi sahu. Carlsberg ta sauko daga 3.8 zuwa 3.4.

Kantin Costco na Amurka ya ɗanɗani ɓangarorin biyu. Tambarinsa na Kirkland Signature, wanda aka fara a 1995, ya yi suna wajen inganci, batiransa ma Duracell ce ke yi. Amma giyarsa marar nauyi, wadda ake sayarwa gwangwani 48 a katan ɗaya a kan abin da bai kai rabin dala kowane ba, ta sha suka har aka daina ta a 2018. Da kantin ya sake gwadawa a 2024, sai ya je wurin Deschutes, masana'antar jihar Oregon da ake girmamawa, kuma bai ɓoye sunanta ba.

Akwai kuma batun kwaikwayo, wanda Aldi ya ƙware a kai. A 2020 ya fito da giya a gwangwani mai shuɗi da ya yi kama da na kamfanin BrewDog na Scotland. Maimakon kotu, BrewDog ya mayar da martani da zolaya a shafukan sada zumunta, ƙarshenta ya dafa wata giya mai suna ALD IPA aka sayar a Aldi ɗin. Kamfanin Thatchers mai yin barasar tuffa bai ga abin wasa ba. Ya kai ƙara a kan gwangwanin Taurus na Aldi mai hoton lemon tsami, kuma a watan Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ba shi gaskiya.

Idan aka tattara, mai cewa giyar kanti gurɓatacciya ce ba shi da hujja. Masana'antu iri ɗaya ke yin ta, hukumomi ɗaya ke duba ta, kuma sau da yawa mai sukar ba zai gane ta ba in an rufe masa ido. Sai dai tambayar ko ta cancanci gwadawa tana ɓoye wata da ta fi ta nauyi. Shinkafa in ta yi araha, mutum ba ya cin kwano biyar. Barasa kuwa sauƙin kuɗinta yana ƙara yawan shan ta, kuma waɗanda suka fi bin mafi araha su ne waɗanda ta riga ta kama da kuma matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, sannan a farkon 2023 ta bayyana cewa babu wani adadin sha da za a ce ba ya cutar da lafiya. Wannan damuwa ce ta sa NAFDAC a Najeriya ta tashi hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe a 2024, matakin da masu masana'antu suka yi ta ja da shi.

Scotland ta tunkari arahar kai tsaye. Daga 1 ga Mayun 2018 doka ta hana sayar da barasa ƙasa da kwabo 50 na kuɗin Birtaniya a kan kowane ma'auni, wato mililita 10 na tsantsar barasa. Wales ta bi sahu a 2020, Ireland ta kafa irin tata a 2022. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mace-macen da barasa kaɗai ke jawowa sun ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari a Scotland, kuma raguwar ta fi yawa a unguwannin talakawa. A ƙarshen Satumban 2024 aka ɗaga farashin zuwa kwabo 65. Gwangwanin rabin lita mai ƙarfin kashi 4 ma'auni biyu ne, don haka ba kantin da ya isa ya sayar da shi ƙasa da fam 1 da kwabo 30 a Glasgow ko Edinburgh, ko da wane suna ke jikinsa. A Ingila, wadda ba ta da wannan doka, kantunan da ke daf da kan iyaka suna iya sayar da shi ƙasa da haka.