Kafin a buɗe jijiyar zuciyar da ta toshe: tambayoyin da za ki yi wa likita

Uwargida, idan likita ya ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyar mahaifinki ko maigidanki jini ta toshe gaba ɗaya, kada ki ruɗe. Idan toshewar ta kai wata 3, likitoci na kiranta CTO. Sau da yawa jini kan samu ƙananan hanyoyi ta gefe, shi ya sa mutum ke harkokinsa, sai dai ƙirji ya riƙa ɗaure masa in ya yi tafiya.

Ana iya buɗe ta ba tare da tsaga ƙirji ba. Ana zura siririyar waya ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya, a ratsa toshewar, a sa ɗan bututun raga mai suna stent. Sai dai aikin na da haɗari: wayar na iya huda jijiyar, jini ya taru a jakar zuciya, kuma ruwan da ake sakawa don ɗaukar hoto na iya taɓa ƙoda.

Shi ya sa ake auna haɗarin tun kafin a fara. Ma'aunin J-CTO, wanda likitocin Japan suka fitar a 2011, yana duba wahalar aikin: tsawon toshewar in ya kai milimita 20, taurin jijiyar, lanƙwasarta, siffar bakin toshewar, da ko an taɓa gwadawa aka kasa. Na PROGRESS-CTO na 2016 kuwa ya nuna haɗari na ƙaruwa ga wanda ya haura shekara 65, da doguwar toshewa, da kuma idan za a biyo wa toshewar ta baya.

Ki sani, babban amfanin aikin shi ne rage ciwon ƙirji da haki. Wanda magani ya riƙe shi, ba lallai ne a yi masa ba.

Don haka ki tambaya: Me zai faru in aka tsaya ga magani kawai? Sau nawa likitan ya yi irin wannan aiki? An gwada ƙodarsa? Ki faɗi duk abin da yake sha, har da na gargajiya, musamman metformin in yana da ciwon suga. Bayan an sa stent, kada ya daina aspirin da clopidogrel sai da izinin likita, domin dainawa na iya sa jini ya daskare a ciki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.