"Jikina Ya Ba Ni": Shin Sanin Ƙwallo Na Iya Cin Gidan Caca?

Duk ranar Asabar, kafin a take leda a gasar Firimiyar Ingila, gardama kan kaure a gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa tsakanin masu buga cacar wasanni. Wani zai ce jikinsa ne ya ba shi cewa Arsenal za ta ci, kuma jikinsa ba ya yi masa ƙarya. Wani zai yi masa dariya, ya ce shi da ilimi yake bugawa: ya san wanda ya ji rauni, ya san wanda aka ba jan kati, ya san tarihin haɗuwar ƙungiyoyin biyu. Kowannensu na ganin ɗan'uwansa ne wawa. Da yamma kuwa sau da yawa tare suke yaga tikiti.

Ruɗin mai bin abin da jikinsa ya ba shi ba ya ɗaukar lokaci wajen bayani. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana riƙe ranar da hasashe ya yi daidai, ta manta ranaku goma da ya kuskure. Haka kuma tana son ta gaskata cewa ƙungiyar da ta sha kashi sau huɗu a jere "dole" ta ci na biyar. A gidan cacar Monte Carlo, a 1913, ƙwallon faifan caca ya faɗa kan launin baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja don sun tabbata lokacinsa ya yi, suka tafi hannu rabbana.

Mai taƙama da sanin ƙwallo ne ya fi buƙatar a zauna da shi, domin nasa ruɗin ya fi kama da gaskiya. Abin da bai lura da shi ba shi ne, kamfanin caca ba gasar sanin wanda zai ci yake yi da shi ba. Farashi yake sayar masa. A ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki, kamar a ce za a zura ƙwallo uku ko fiye, ko ba za a kai uku ba. Adalcin lissafi shi ne a ninka wa mai nasara kuɗinsa sau 2. Amma kamfani zai sa 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowanne, ɗaya nan ɗaya can: kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya soke 100 a aljihu, ko wa ya ci. Wannan ragin yana cikin kowane farashi da Bet9ja ko SportyBet ko wani kamfani ya liƙa, kuma labarin rauni da jan katin da saurayi ya karanta a wayarsa tuni masu lissafin kamfanin suka sa shi cikin farashin.

Sai kuma dogon tikiti, abin ƙaunar mai naira 200 da ke mafarkin miliyan. A ce mutum ya zaɓi wasa 10, kowanne yana da damar fitowa sau 7 cikin 10, wato irin wasannin da ake cewa "wannan tabbas ne". Idan aka haɗa su a tikiti guda, damar dukkansu su fito ba ta kai 3 cikin 100 ba. Ragin kamfani ma ninkuwa yake yi da kowane wasa da aka ƙara, shi ya sa kamfanonin ke ba da garaɓasa ga mai tsawaita tikiti. Kukan nan na "wasa ɗaya ne kawai ya ɓata min" ba alamar an kusa ba ne, haka aka tsara abin ya riƙa faruwa don a dawo gobe.

Ita kanta ƙwallon ba ta da alƙawari. A gasar cin kofin duniya ta Qatar, ranar 22 ga Nuwamba 2022, Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1, alhali Ajantina ta yi wasa 36 ba a ci ta ba, kuma Messi ne ya fara zura ƙwallo. A kakar 2015/16 kamfanonin caca na Ingila sun sa ninki 5,000 a kan Leicester City za ta ɗauki kofin Firimiya, ta kuwa ɗauka.

To ko akwai masu ci da gwaninta? Akwai, sai dai ba su yi kama da abin da ake zato ba. Tony Bloom, mai ƙungiyar Brighton, lissafi ya karanta a jami'ar Manchester. Matthew Benham, mai Brentford, kimiyyar fiziks ya karanta a Oxford. Kamfanonin nazarin alƙaluma ne a bayansu, Starlizard da Smartodds, da ma'aikata da kwamfutoci da jari mai kauri, suna farautar ƙaramin kuskure a farashi. Ko a can Birtaniya, an san kamfanonin caca da taƙaita asusun duk wanda suka ga yana yawan ci. Paul Merson kuwa, wanda ya ɗauki kofin lig da Arsenal, ya buga wa Ingila, ya kuma shafe shekaru yana sharhin wasanni a talabijin, da bakinsa ya faɗi cewa caca ta cinye masa miliyoyin fam. Da sanin ƙwallo na isa, da bai shiga wannan hali ba.

Masu sayar da "wasan da aka shirya" a Telegram da WhatsApp su kuma damfara ce tsagwaronta. Sukan gaya wa rabin mabiyansu ƙungiya kaza za ta ci, sauran rabin su gaya musu akasin haka, sannan su nemi kuɗi wajen waɗanda abin ya faɗa daidai. Wasannin kwamfuta da ake bugawa kowane 'yan mintoci kuwa ba ɗan wasa ko ɗaya a cikinsu, na'ura ce ke fitar da sakamako.

Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, Suratul Ma'ida ta haramta ta tare da giya. A Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a jihohi, ta bar wa kowace jiha ikon tsara tata. Sai dai shagon ya riga ya koma cikin waya, inda uba ba ya gani, ɗan Hisbah ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma alamunta a fili suke: cin bashi don a buga, ƙara kuɗi don a fanshe asara, ɓoye wa iyali, taɓa jarin shago ko kuɗin makaranta. Wanda aka ga haka a tare da shi, likitocin ƙwaƙwalwa na iya duba shi, a asibitoci irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato.