Tafintocin Intanet: Wanne Ya Fi Sauri, Wanne Ya Fi Amfani?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko likitan da ba ya jin Hausa ya san darajar tafinta. To, ashe na'urori ma ba su tsira ba, domin intanet harshe biyu take yi waɗanda ba sa jin juna. Tsohon shi ne IPv4 na shekarar 1981, mai adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, wanda babban rumbunsa ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Sabon kuwa, wato IPv6, yawan adireshinsa ya fi ƙarfin allon aji. Wayar da ke kan sabon tsari in tana neman shafin da ya tsaya a tsoho, tilas a sa tafinta a tsakani.

Tafintan farko, SIIT, ba ya riƙe komai a ka. Saƙo ya zo, ya sauya masa adireshi, ya miƙa, ya manta. Aikinsa ba nauyi, amma kowace na'ura sai an ba ta nata adireshin na tsohon tsari, alhali kuwa rashinsa ne ya kawo mu nan.

Na biyu, NAT64 na 2011, littafi gare shi kamar mai kanti da 'yan bashi. Yana rubuta wa ya aika, wa ake jira, don haka wayoyi da yawa sukan raba adireshi guda. Sai dai duba littafi na cin lokaci. In ya cika, sabon mai zuwa ba ya samun shiga. In na'urar ta mutu ba tare da mataimakiya ba, duk hirar da ake yi ta yanke.

A ƙa'idar gwaji ta 2017 ana auna yawan saƙon da ya wuce a daƙiƙa, da jinkiri, da wanda ya salwanta. A nan ne abin mamaki yake. Manhajar Jool ta ƙasar Meziko, ko da tana riƙe littafi, takan tsere wa Tayga marar littafi, saboda ita Jool a cikin zuciyar Linux take aiki, Tayga kuwa daga waje, sai an yi ta kai mata saƙo ana dawowa da shi.

Ni dai a ganina sauri ba shi ne farkon abin dubawa ba. Wasu manhajoji, irin su Skype a wancan lokaci, sun ƙi aiki da NAT64. Sai aka fito da 464XLAT a 2013, mai fassara sau biyu: ɗaya a cikin waya, ɗaya a wajen kamfanin layi. Wahalar ta ƙaru, amma kira ya shiga, kuma shi kamfanin T-Mobile na Amurka ya ɗauka ya ɗora wa wayoyinsa.