Shin Ko Kun San? Kimiyyar Dogon Hutu a Karaye da Rogo

Shin ko kun san madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye an kammala ta a 1992, tsayin ganuwarta mita 42, tsawonta kusan kilomita 8? Duk mai son koya wa yaran yankin nan kimiyya a dogon hutu, daga bakin ruwan nan ya kamata ya fara. A yanka gwangwani a yi farfela, a ɗaura ta a kan ƙaramar motar da aka ciro daga mataccen rikoda, a kwarara mata ruwa daga buta. Da farfelar ta ɗauki gudu sosai, sai ɗan ƙwan fitila ya kama. Yaro ya ga yadda ruwa ke haifar da lantarki da idonsa.

Kun san lemon tsami guda, idan aka soka masa ƙusa mai rufin zinki da wayar tagulla, yana ba da kusan bolt ɗaya? Jan ƙwan LED kuwa sai an haɗa masa uku ko huɗu a jere kafin ya yi haske.

Shin ko kun san mutum-mutumi ba dole ne ya yi kai da ƙafa ba? Abu uku ake nema: ya ji, ya yanke hukunci, ya aikata. Ga misali daga gonar rani. A kafa ƙusa biyu a ƙasa, a haɗa su da allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya ratsa tsakanin ƙusoshin, busasshiya tana hana shi. Da allon ya ji ƙasa ta bushe sai ya tada ɗan famfo, in ta sha ya kashe. Ɗan manomi a Rogo ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san wahalar ban ruwa tun yana ƙarami.

Kun san aikin ƙera na'urori tsoho ne a tarihin Musulmi? A 1206 Al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori, ciki har da agogon giwa da injinan ɗaga ruwa daga kogi.

A gida kuma, Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da na babur, da injin Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa. A 2020 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja, amma ina yaron Rogo ina Abuja?

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, sa'ad da iyaye ke bukatar yara a gona. Sansanin koyar da kimiyya da zai karɓu a ƙauyukanmu sai ya buɗe bayan La'asar, a ajin firamaren da ke rufe, kuma a gayyato masu gyaran rediyo da masu haɗa sola su koyar tare da malamai. A shigar da 'yan mata, a kuma fara neman yaran nan masu ƙera motar kara da ta langalanga, tunda hannunsu ya riga ya faɗa.