Kamun Giwan Ruwa Daga Bisa Dutse: Kayan Aiki, Koto Mai Rai Da Tsaron Kai

Yau shafinmu ya nufi bakin kogi. Idan ɗari ya wuce, ruwan kogin Isa ya fara ja da baya, duwatsun da suka nutse sai su ɓullo ɗaya bayan ɗaya. A gindin waɗannan duwatsu akwai gurabe masu zurfi, nan ne manyan kifaye ke fakewa. Mutumin da ba shi da jirgi, ba shi da kuɗin taru, yana iya tsayawa bisa dutse da zare da ƙugiya ya kama kifin da ya kai nauyin buhun hatsi. Amma wannan su ba wasa ba ne. Mai jirgi yana bin kifi duk inda ya nufa. Mai dutse kuwa yana tsaye wuri guda, kifi na ja, dutse na cin zare, ƙafa na bisa santsi. Abu uku ke raba shi da hasara: kayan aiki masu ƙwari, koto mai rai, da kiyaye kansa.

Wane ne giwan ruwa?

Shi ne babban kifin ruwan daɗi na ƙasashenmu. A kasuwannin Yamai ana ce masa kapiten. Asalinsa kogin Isa, tabkin Cadi, kogin Nilu, kogin Sanagal da na Kwango. Tsawonsa kan kusa metir 2. A shekarar 2000 an kama wani da fatsa a tabkin Nasir na ƙasar Masar, nauyinsa kilo 104. A bikin su na Argungu na shekarar 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, ko da yake can da koma da gora ake shiga ruwa, ba a sa ƙugiya.

Kogin Isa ya ratsa ƙasar Nijar wajen kilometir 550, daga iyakar Mali zuwa yankin Gaya. Tsakanin Labezanga da Ayoru da Tilaberi kogin cike yake da duwatsu da tsibirai. Irin wurin da giwan ruwa ke so ke nan. Ba ya yawon kiwo kamar karfasa. Laɓewa yake yi bayan dutse, inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, yana jiran ƙaramin kifin da igiyar ruwa ta gajiyar. Da ya gan shi sai ya buɗe baki ya zuƙe shi gaba ɗaya. Ya fi farauta da asuba da kuma dab da faɗuwar rana. Shi ya sa kifi mai rai, mai motsi, ya fi jan hankalinsa bisa mushe ko tana.

Kayan aiki

Na farko, zare. A nemi na lailan wanda ke ɗaukar kilo 25 zuwa 40, tsawonsa kada ya kasa metir 150. Babban kifi yana iya zare metir hamsin a gudun farko, in zare ya ƙare kuwa magana ta ƙare. Rana tana kashe lailan. Zaren da ya shekara rataye a rana ya mutu, ko da ido na ganinsa lafiya.

Na biyu, zaren gaba. Wannan guntu ne na metir 1 ko 2 da ake ƙullawa tsakanin babban zare da ƙugiya, kuma ya kamata ya ninka babban zaren ƙarfi. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, amma murfin kunnensa yana da ƙayoyi da kaifi, ga kuma gogar dutse. Inda tsage ya yi yawa, sai a ƙara ɗan guntun waya mai laushi kusa da ƙugiya, don haƙoran tsage na datse lailan nan take.

Na uku, ƙugiya. Ana son mai kaurin ƙarfe, mai lamba 6/0 zuwa 10/0, gwargwadon girman koto. A gwada tsininta bisa farce: in ta kama, tana da kaifi, in ta zame, a wasa ta. Akwai wata iri mai lanƙwasa kamar zobe, wadda bakinta ke duban ciki. Ita kan kama kifi a gefen baki, ba ta cika maƙalewa a dutse ba.

Na huɗu, sanda da abin naɗe zare. Masu hali suna sayen sandar fatsa mai ƙarfi da ɗan injin naɗe zare mai birki. Amfanin birkin shi ne ya bar zare ya riƙa fita da nauyi idan kifi ya ja, maimakon ya tsinke. Ana ɗaure shi wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Wanda ba shi da inji yana iya naɗe zarensa a faffaɗan katako mai santsi, ya sa safar hannu ta fata, ya riƙa saki yana matsawa da tafin hannu.

Na biyar, abin shawagi da abin nauyi. Ƙaramin gora ko kwalbar roba da aka toshe sun isa su riƙe koto a zurfin da ake so. Don nauyi, ɗan dutse ko tsohon noti ya wadatar. Duka biyun a ɗaure su da siririn zaren ɗinki. In sun maƙale, su ne za su tsinke, babban zare ya tsira. Mai aiki da dalma kada ya matse ta da haƙori, kada ya bar ta hannun yara, domin guba ce.

Na shida, doguwar ƙugiya mai ƙota ta ɗaga kifi, da wuƙa mai kaifi a rataye inda hannu zai kai da sauri.

Kowane ƙulli a jiƙa shi kafin a matse, don zafin gogayya na raunana lailan. Bayan kowane jifa a bi zaren gaba da yatsa. In an ji kaushi, a yanke a sake ƙullawa.

Koto mai rai

Koto shi ne abin da ake sa wa ƙugiya don kifi ya ci. Wanda ya fi dacewa shi ne karfasa mai faɗin tafin hannu, ko kawara, ko ƙaramar tarwaɗa. Tarwaɗa ta fi jure wahala, kawara ta fi ƙyalli amma tana saurin mutuwa. A kama su tun da jijjifi da birgi ko ƙaramar fatsa, a cikin ruwan da za a yi su ɗin. Ɗauko kifi daga wani ruwa a zuba a wani yana kawo cuta da ɓarna. Shi kansa giwan ruwa, da aka kai shi tabkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar ire-iren ƙananan kifaye kusan 200.

Kifi yana shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa. Saboda haka a ajiye bokitin koto a inuwa, kada a cunkusa fiye da biyar ko shida, a riƙa sauya ruwan a kai a kai. In an ga suna tasowa sama suna buɗe baki, iska ta ƙare. Abin da ya fi shi ne kwando mai murfi a ɗaure cikin kogi. Kafin a taɓa koto a jiƙa hannu, don busasshen hannu na goge yauƙin da ke kare jikinsa.

Wurin soka ƙugiya ya danganta da ruwa. Inda ruwa ke gudu, a soka ta a leɓen sama ko ta hanci, don koto ya fuskanci ruwa ya yi numfashi. Inda ruwa ke kwance, a soka ta a gadon baya, gaban ƙayar sama, cikin tsoka kaɗan. Kada ta taɓa ƙashin baya, in ta taɓa shi kifin ya shanye. Tsinin ƙugiya ya fito fili, kada a ɓoye shi cikin nama.

Ba a wurga koto mai rai da ƙarfi. A sa shi cikin ruwa sannu, a bar igiyar ruwa da iska su kai shi bakin gurbi. Wannan dabara ba a nan kaɗai aka san ta ba. A ƙasar Ostareliya, a gaɓar tekun Jarbis da ke kudu da birnin Sidni, masunta na tsayawa bisa duwatsu su ɗaura koto mai rai ƙarƙashin balan-balan, iska ta tura shi nesa, su kama manyan kifayen teku da suka fi mutum nauyi.

Idan ya ci

Alamar farko ita ce firgitar koto: gora ya fara rawa, zare na karkarwa. Sai gora ya nutse, zare ya fara tafiya. A nan ne gaggawa ke jawo hasara. Giwan ruwa yana juya kifi cikin baki don ya haɗiye shi ta kai. A ba shi ɗan lokaci, kamar ƙidaya biyar zuwa goma, sannan a tsuke zare. Mai ƙugiyar zobe ba ya fizga, tsukewa kawai yake yi.

Gudun farko shi ne mafi ƙarfi, kuma dutse kifin ke nufa. A ɗaga sanda sama don zare ya nisanci kaifin dutse. In ya yi tsalle yana girgiza kai, kada a bar zare ya saki, don a nan yake zubar da ƙugiya. In ya ja a bar shi, in ya tsaya a naɗe. Ba shi da dogon numfashi, mai haƙuri zai ga ya juyo da farin cikinsa sama.

Tun kafin a jefa koto ya kamata a zaɓi wurin fid da shi: dutse mai gangara, mara gansakuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai zare ya tsaya baya, abokinsa ya sa ƙugiya mai ƙota. Kada kowa ya cusa hannu cikin kunnen kifin, yana yanka kamar aska.

Rai ya fi kifi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma in an duba yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan hasara. A can Ostareliya, yawan mutuwar masu su bisa dutse ya sa jihar da Sidni take ta kafa doka a shekarar 2016, wadda ta tilasta sa rigar ceto a wuraren da aka ayyana masu haɗari. Namu ruwan ba shi da raƙuman teku, amma yana da nasa tarko. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. Kada a naɗe zare a hannu, ko a yatsa, ko a ƙugu, ko a ƙafa. Kifi mai kilo 40 yana iya tsinke yatsa ko ya jawo ƙato cikin gurbi. In zare ya sarƙe jiki, a yanke shi nan take.

2. Kada a tafi shi kaɗai, kuma a faɗa wa iyali wurin da aka nufa da lokacin komowa.

3. A sa rigar ceto in akwai. In babu, a ajiye bido mara komi, a toshe, da doguwar igiya a ɗaure. Wanda ya faɗa ruwa, bido ake jefa masa. Ba a bin shi da tsalle, don mai nutsewa na riƙe mai cetonsa su tafi tare.

4. Dutse mai kore ko baƙin danshi santsi ne. A bar babbar riga da takalmi mai sulɓi a gida.

5. Ruwan kogi a Yamai yana cika sau biyu: jan ruwa a watannin Agusta da Satumba, da baƙin ruwa mai zuwa daga Gini, wanda ke kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. A waɗannan lokuta duwatsun tsakiyar kogi ba wurin tsayawa ba ne.

6. A tambayi sarkin ruwa da Sarkawan wurin inda dorina da kada suke. Dorina mai ɗa ba ta da wasa.

In ƙugiya ta shiga jiki har kunnenta ya nutse, kada a fizgo ta baya, za ta yaga nama. A yanke zare, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe, a tafi gidan likita. In kusa da ido take, kada a taɓa ta sam. A can za a duba batun allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Haka kuma mai yawan shiga ruwa, in ya ga jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce ake zato. Tana da magani na ƙwaya a gidan likita, barinta kuwa yana lalata mafitsara da ƙoda.

Don gobe

Su yana da doka a Nijar. Doka ta hana kamun kifi da guba da nakiya, kuma mai sana'ar su yana neman takardar izini wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji. Ƙananan giwan ruwa a mai da su da rai. A ƙasashen da ke kewaye da tabkin Biktoriya an hana kama wanda bai kai santimetir 50 ba, don bai kai ga haihuwa ba. Mafi yawan manya-manyan kuwa mata ne, kowace na zuba miliyoyin ƙwai. Wanda ya kama guda ya samu na cefane da na kasuwa, ya kyautu ya naɗe zarensa. A fede kifin da wuri, a sa shi inuwa, abin da ba a sayar ba a yi bandarsa kafin zafi ya ɓata shi.

Ƴan'uwa, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa masuntan garinsu. Kifin da ya tsinke zare yau yana nan cikin gurbinsa, gobe ma rana ce. Abin da iyali ke jira da maraice shi ne mai gida ya komo da ƙafarsa.